Dokin Sukuwa da Raƙumin Ayari: Tsohuwar Motar Kilisa da Jif ta Zamani a Kan Ma'auni



Na tabbata akwai waɗanda suka ga kan wannan lacca a jikin allo suka ce, me ya haɗa kifi da kaska? Malamin Hausa ina ruwansa da mota? To, amsar ba ta da nisa. Duk wanda ya zauna a gareji na rabin sa'a zai ji sitiyari da birki da giya da kuloci da totur da lagireto da kafireto da salansa, kalmomin da kakanninmu ba su san su ba, amma yau ba mai cewa ba Hausa ba ne. Abin da ya zuba wa harshe kalmomi haka ya cancanci mai nazarin harshe ya dube shi. Ban da wannan kuma, abin hawa madubi ne. Idan ka ga irin motar da jama'a ke sha'awa a wani zamani, ka ga abin da suke tsoro da abin da suke buri.

Bari mu fara da suna, don mu san abin da muke magana a kai. Akwai wata irin mota ƙarama, mai kujera biyu, mai kwanciya ƙasa, wadda ba a ƙera ta don ɗaukar kaya ko iyali ba, sai don daɗin tuƙi kawai. Sunan da Turawa suka ba ta, in aka juya shi kai tsaye, sai a ce motar wasa. Wasu namu na cewa motar tsere, amma wannan bai dace ba, domin motar tsere ba ta hawa titin jama'a. Ni na fi son in kira ta motar kilisa, gama kilisa ita ce fitar da mai doki kan yi da yamma ba don yana da wurin zuwa ba. Ɗaya motar kuwa, doguwa mai tudu, mai ɗaukar iyali duka da kayansu, Turawa na kiranta da haruffa uku, SUV. Bahaushe ya riga ya yanke hukunci, ya ce jif. Asalin kalmar daga Jeep ne, ƙaramar motar sojan Amurka da aka fara ƙerawa da yawa a 1941. Yau ko wane kamfani ya yi ta, in dai tana da tudu, jif ce a bakinmu.

Don kada magana ta tashi sama, zan ɗauki mota ɗaya daga kowane ɓangare. Daga tsofaffi na ɗauki Jaguar E-Type ta 1961. Daga na zamani na ɗauki Toyota Highlander ƙirar 2023, wadda yayyenta suka cika titunanmu. Dalilin zaɓen zai fito nan gaba kaɗan.

An fara nuna E-Type a bikin baje kolin motoci na birnin Jeneba, ƙasar Suwizalan, a watan Maris na 1961. A birnin Coventry na Ingila aka ƙera ta, a masana'antar Browns Lane, ƙarƙashin Sir William Lyons wanda ya kafa kamfanin. Wanda ya tsara siffar jikinta shi ne Malcolm Sayer, mutumin da ya yi aiki a kamfanin ƙera jiragen sama na Bristol kafin ya koma mota. Sayer da lissafi yake fitar da lanƙwasar bodi, yana auna yadda iska za ta bi ta kansa ta wuce, kuma shi ne ya tsara yayarta D-Type wadda ta ci tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa sau uku a jere, 1955 da 1956 da 1957. Da motar ta isa Jeneba, masu son a ɗana su suka yi yawa har mota ɗaya ta kasa, sai Lyons ya aika gida aka sa direban gwajin kamfanin, Norman Dewis, ya kwana yana tuƙi daga Coventry ya kawo ta biyu.

Abin da ya ruɗa mutane abu uku ne. Na farko kyau: dogon hanci, gajeren baya, tsayinta daga ƙasa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, har gidan adana kayan fasahar zamani na birnin Niyu Yok ya shigar da ɗaya cikin tarinsa a 1996. Na biyu gudu: kamfanin ya ce tana yin mil 150 a sa'a, watau kimanin kilomita 240, a zamanin da motar iyali ta Ingila in ta yi mil 80 an yaba mata. Na uku kuɗi: kimanin fam 2,100, kusan rabin kuɗin Aston Martin DB4 wadda take gogayya da ita. Injinta mai silinda shida ne a jere, lita 3.8, da kafireto uku, da birkin faifai a ƙafafu huɗu duka, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Daga 1961 zuwa 1974 an ƙera fiye da 72,000, kuma yawancinsu ƙetare aka sayar da su, musamman Amurka.

Highlander kuwa ba ta da irin wannan labari. Ba wanda ya kwana yana tuƙi dominta. Toyota ta fito da ita a shekarar 2000, a Japan da Ostireliya ana kiranta Kluger, waɗanda ake sayarwa a Amurka kuma ana harhaɗa su a Princeton ta Jihar Indiyana. Tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas a layi uku na kujeru. Tsawonta ya kusa mita biyar, nauyinta ya kusa tan biyu.

Yanzu ga dalilin da ya sa na haɗa su. Jaguar ta ce injin E-Type yana da ƙarfin doki 265. Toyota ta ce injin Highlander ta 2023, mai silinda huɗu kacal, lita 2.4, da na'urar tura iska da ake kira tarbo, yana da ƙarfin doki 265. Lamba ɗaya, tsakaninsu shekara 62. Amma ku lura, ɗalibai, lamba ma tana da karin harshe. A wancan zamani ana auna inji ne a kan benci, an cire masa abubuwan da ke cin ƙarfinsa, ba salansa ta sosai, ba matatar iska. Tun farkon shekarun 1970 aka koma auna shi yadda yake cikin mota da dukan kayansa. Saboda haka dawakin Jaguar 265 ba su kai na Toyota ƙiba ba. Haka kuma sananne ne cewa motocin da aka bai wa 'yan jarida suka yi mil 150 an ɗan yi musu gyara na musamman, wanda ya saya a kanti da ƙyar yake kai wa nan.

Sakamakon abin mamaki ne. E-Type na tashi daga tsaye ta kai mil 60 a sa'a cikin kimanin sakan bakwai, kuma wannan ya sa ta zama abin kwatance a duniya. Highlander na yin haka cikin sakan bakwai zuwa takwas, tana ɗauke da nauyin da ya fi na E-Type da wajen kilo 700, iyakwandishan na aiki, uwargida na kai yara makaranta. Watau gudun da a 1961 sai attajiri mai ƙarfin hali, yau yana ƙarƙashin ƙafar kowane magidanci, kuma mafi yawansu ba su ma san yana nan ba. Raƙumin ayari ya kamo dokin sukuwa, da kayansa a ka.

To, in gudu ɗaya ne, ina bambancin? Bambancin farko yana hannun direba. Mai tuƙa E-Type ta farko yana aiki ne. Sitiyarinta ba shi da na'urar taimako, ƙarfin damtsensa ne. Giyarta ta ɗaya ba ta shiga sai mota ta tsaya cak ko kuwa direba ya san dabarar taka kuloci sau biyu, sai a 1964, da aka kawo injin lita 4.2, aka gyara wannan. Wurin ƙafa matsattse ne, zafin inji yana shigowa ciki, in ta daɗe a cunkoso lagireto ya tafasa. Amma duk abin da taya ta taka yana zuwa tafin hannunsa. In ƙafar baya za ta zame a kwana, yana ji a jikinsa tun kafin ta zame. Waɗanda suka yi hawan doki sun san wannan magana: linzami zance ne tsakanin mutum biyu. A cikin Highlander an yanke wannan zance da gangan. Giya takwas tana canja kanta. Kwamfuta tana auna juyawar kowace taya sau da yawa cikin sakan guda, in ta ga mota za ta kauce daga inda sitiyari ya nufa sai ta taka birkin ƙafa ɗaya ita kaɗai ta daidaita ta, direba bai sani ba. Masu son tsofaffin motoci suna kiran wannan rashin rai. Ina jin abin da suke nufi, kuma a kan daɗin tuƙi na ba su gaskiya. Sai dai daɗin tuƙi ba shi ne tambayar da mai 'ya'ya biyar yake yi ba.

Tambayarsa ita ce, in abin ƙi ya auku, wa zai fita da ƙafarsa? A nan zan ɗan daɗe, domin akwai wani kuskure da ya zauna a bakin jama'armu. Sau da yawa za ka ji an ce motocin da ƙarfe ne zalla, na yanzu kuwa gwangwani ne, ko akuya ka buga sai gaba ya lotse. Lotsewar gaskiya ce, fassarar ce ba daidai ba. In mota tana gudu ta daki abu, ƙarfin da take ɗauke da shi dole ya tafi wani wuri. Ƙarfin nan kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudu: in ka ninka gudu sau biyu, shi ninkuwa yake sau huɗu. In gaban mota ya ƙi lotsewa, tsayawar takan zo nan take, jikin mutum ne ke karɓar dukan. In kuwa gaban ya naɗe a hankali kamar tabarma, tsayawar ta ɗan ja lokaci, dukan da ke isa ƙirji ya ragu ƙwarai. Injiniyan Mercedes-Benz, Béla Barényi, shi ya yi rajistar wannan dabara a farkon shekarun 1950, ta kuma fito a motocin kamfanin a 1959: gaba da baya masu naɗewa, ɗakin fasinja mai tauri. A 1959 ɗin nan dai Nils Bohlin na kamfanin Volvo a Suwidin ya kawo ɗamarar kujera mai ratsa ƙirji da ƙugu, irin wadda muke ɗaurawa yau, ko in ce irin wadda ya kamata mu riƙa ɗaurawa.

E-Type ta zo ne kafin waɗannan dabaru su bazu. Ba ta da jakar iska, ba ta da matokarin kai a kujerun farko, maɓallan gabanta ƙarafa ne masu tsini suna kallon gwiwa da fuska. Wanda yake shakkar abin da wannan ke nufi, akwai gwajin da cibiyar binciken haɗarin hanya ta kamfanonin inshorar Amurka, IIHS, ta yi a 2009. Ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959, ƙatuwar mota mai kaurin ƙarfe, da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba. Ɗakin fasinjan tsohuwar ya rufta, sitiyari ya taso wa mutum-mutumin da ke kujerar direba. Na sabuwar ya tsaya yadda yake. Highlander ta 2023 tana da jakar iska takwas, da birkin da ba ya kafewa, da na'urar da ke hango abu a gaba ta taka birki in direba ya shagala. A wannan fage ba gasa.

Ba kuma alherin kamfanoni ne kawai ya kawo haka ba. A 1965 wani lauya Ba'amurke, Ralph Nader, ya wallafa littafin da ya tone yadda masu ƙera motoci ke fifita ado a kan rai, a 1966 majalisar Amurka ta kafa dokar kiyaye lafiyar masu mota, a 1970 ta ƙarfafa dokar tsabtace iska. Tun da Amurka ce babbar kasuwar E-Type, dokokin nan sun taɓa ta a jiki. Aka cire gilashin da ke rufe fitilunta, aka sake maɓallan gaba, aka rage kafireto daga uku zuwa biyu a motocin da ake kaiwa can, ƙarfi ya faɗi, har a 1971 sai da aka sa mata inji mai silinda 12 don ta dawo da gudunta. Masu sha'awarta har yau suna ganin ƙirar farko ta fi kyau, kuma da gaskiyarsu. Kyan nan da ran mutane ake biyansa.

Amma kada mu tsaya nan mu tafa wa jif, domin ma'auni yana da kwano biyu. Duk abin da na lissafa yanzu kariya ce ga wanda ke ciki. Wanda ke waje fa? In mota mai tan biyu ta yi karo da mai tan ɗaya, canjin gudun da ƙaramar za ta sha ninki biyu ne na wanda babbar za ta sha. Kwanciyar hankalin mai jif, wani ɓangarensa daga aljihun maƙwabcinsa aka ciro. Mai tafiya a ƙasa kuwa nasa ya fi muni. Mota mai ƙasan hanci takan doki ƙafa ta jefa mutum kan bonet. Mai tudun hanci takan doki ƙugu da ƙirji, inda hanta da huhu suke, ta tura shi gaba ya faɗi a gaban taya. A 2023 cibiyar IIHS ta ba da rahoton cewa motocin da tudun hancinsu ya wuce inci 40, watau mita ɗaya da ɗan kai, sun fi kashe mai tafiya a ƙasa da kimanin kashi 45 cikin ɗari a kan waɗanda hancinsu bai wuce inci 30 ba kuma yake gangare. Yaro ƙarami in ya tsaya daf da gaban babbar jif, direba ba ya ganinsa ko kaɗan.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ke kan gaba. Ku dubi kowane titi a garuruwanmu da ƙarfe biyu na rana: 'yan makaranta, 'yan talla, almajirai, 'yan acaɓa, masu turin baro. Waɗannan su ne mutanen waje. Ban ce mai jif ba shi da hujja ba. Ƙasan E-Type santimita 14 ne daga kwalta, na Highlander santimita 20, kuma wanda zai je ƙauyensu da damina ya san darajar wannan tazara. Abin da nake cewa shi ne, ma'aikacin da ya hau tudu ya ɗauki amanar da mai ƙaramar mota bai ɗauka ba, kuma gudun da ya halatta ga ƙaramar mota a bakin makaranta ya yi wa jif yawa.

Akwai kuma wani abu da mai saye a nan ya kamata ya sani. Mafi yawan jif da ke shigo mana an riga an yi amfani da su a ƙetare, wasunsu ma sun taɓa yin haɗari aka gyara. Jakar iska sau ɗaya take fashewa. In an liƙe murfinta ba a sa sabuwa ba, fuskar sitiyari ba za ta gaya maka ba. Kyan E-Type a fili yake, kowa na gani. Amfanin Highlander a ɓoye yake cikin abubuwan da ido ba ya kaiwa, saboda haka shi ne ya fi sauƙin sacewa.

Batun mai da hayaƙi zan bi ta kansa da sauri. E-Type na shan tsakanin lita 13 da 16 a kilomita 100, kuma fetur mai darma aka yi ta dominsa, gubar da sai a 2021 duniya ta rabu da ita a famfunan mai, da Aljeriya ta daina sayarwa. Highlander ta 2023 na shan kimanin lita 9 da rabi, irinta mai haɗa inji da batir kuma wajen lita 6 da rabi, hayaƙinta na bi ta matatar da ke cikin salansa, in dai ba a cire ta an sayar ba, kamar yadda ake yi. Mota da mota, sabuwar ta yi nasara. Amma E-Type 72,000 ne aka yi cikin shekara 13. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2023 kashi 48 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a duniya jif ne, waɗanda ke kan hanya sun wuce miliyan 360, kuma da ƙasa ce su, da su ne na biyar wajen fitar da iskar da ke ɗumama duniya. Ƙwarewar da injiniyoyi suka samu cikin shekara 60, an kashe kaso mai yawa nata wajen ɗaukar ƙarin nauyi. A birnin Faris, a watan Fabrairu na 2024, an yi ƙuri'a aka ninka kuɗin ajiye manyan motocin baƙi sau uku. Mu nan ba mu bukatar ƙuri'a. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, famfo ne ke yi wa mai jif wa'azi.

Sai gyara, inda tsohuwa ke rama wani abu. Bakanike mai sifana da kunne mai kyau zai iya kwance E-Type ya mayar, domin duk abin da ke cikinta ana gani ana taɓawa. Babban abokin gabarta tsatsa ne, kuma har yau ana ƙera mata kayan gyara sababbi. Highlander ta fi ta aminci nesa ba kusa ba, takan yi shekaru ba ta kwana a gareji ba. Amma ran da fitila ta kama a gaban direba, sai an jona mata kwamfuta ta faɗi ciwonta, kuma ba a gyara ƙwaƙwalwarta, sai dai a sauya. Waɗanda suka yi zamani da Fijo 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975, sun san abin da aka rasa: motar da kowane gari ke da likitanta. Ina ganin wannan kira ne ga makarantun koyon sana'a da ma'aikatun da ke kula da su, gama yaron gareji na yau yana bukatar karatun lantarki kamar yadda ubangidansa ya bukaci sanin kafireto.

Abu na ƙarshe, wa ya ci kasuwa? Kamfanonin motar kilisa da kansu sun ba da amsa. Porsche ta fito da jif ɗinta, Cayenne, a 2002. Lamborghini ta bi da Urus, Ferrari ma, wadda ta daɗe tana ƙi, ta kawo Purosangue a 2022. Jaguar ta daina harhaɗa motoci a Browns Lane a 2005, kamfanin Tata na Indiya ya saye ta a 2008, ta fara sayar da jif ɗinta F-Pace a 2016, ba da jimawa ba ita ce ta fi kowace motar kamfanin fita. F-Type, wadda aka yi don ta gaji E-Type, an tsayar da ƙera ta a 2024. E-Type ɗin da suka rage kuwa suna hannun masu tara kayan tarihi, ana fito da su ranar da rana ta yi kyau, a zaga da su a mayar, wasu ma ana cire musu inji a sa batir.

Shugaban taro, na ga lokaci ya ja, kuma na hango makanikai biyu ko uku a bayan zaure waɗanda na tabbata ba za su bar maganar gwangwani ta wuce haka nan ba.  Ga fili ga mai tambaya.